Kirsimetin da Ba a Yanka Bijimi ba

Ku 'ya'yana, na san kun sha jin labarin nan a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba masa. Wasu sun ce muku na riƙe naman mutane don taurin kai, wasu sun ce wata likita ce ta juya mini tunani. A shekarar, kai Ishaku kana karatu a kwalejin garin Gidan Waya, ke kuma Rahila kina makarantar kwana, kun dawo hutu kun tarar gida ya yi shiru, maƙwabta ba sa shigowa, ba wanda ya zaunar da ku ya yi muku bayani. Ni ma a lokacin ba ni da ƙarfin yin magana. Yanzu da gashina ya yi fari, ina so ku ji daga bakina yadda abin ya faru.

Shekarar nan ita ce shekarar ƙafar babanku. Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, sai wani ɗan rauni ya fito masa a babban yatsa bayan ya taka kututture a gonar citta. Rauni ne da ba za ka kalle shi sau biyu ba. Amma ya ƙi rufewa, ya ci gaba da ci har ya hau tafin ƙafa. Mun yi ta zirga-zirga daga Kagoro zuwa asibiti a Kafanchan. Su ba da magani, a sha, ciwon ya ɗan lafa, ya dawo. Su canza wani, shi ma haka. Wata rana likitan ya tambaye shi ko yana yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da kansa. Babanku ya yi dariya, don duk wanda ya san shi ya san aljihunsa ba ya rabuwa da kafso ɗin nan mai ja da rawaya. Mura ta kama shi, ya haɗiye biyu. Ciki ya murɗa, ya haɗiye biyu. Da ya ji sauƙi ya ajiye sauran sai wani jiƙon. Likitan ya girgiza kai ya rubuta wani magani, bai yi dogon bayani ba, mu kuma ba mu tambaya ba. Muka dawo gida ba mu gane abin da ya haɗa kafso da ƙafa ba.

A zumuntar matan ikilisiyarmu muna da al'ada, kowace shekara mukan haɗa hannu mu sayi bijimi bayan girbi, a yi kiwonsa, jajiberin Kirsimeti a yanka a yi watanda, kowane gida ya ɗauki kashinsa. Ga gidaje da yawa, naman nan shi ne naman shanun da za su gani a tukunya a duk shekara. Da yake muna da garka tun lokacin da babanku yake da shanun huɗa, sai aka ce a ajiye bijimin a wurina. Fari ne, mai baƙin kunne, ga tozo. Ni nake ba shi harawa da dusa da kanwa, ni nake share masa wuri. Rifkatu, shugabar zumunta, wadda tare muka yi 'yanmatanci, kusan kullum sai ta biyo ta shafa bayansa ta ce ya ƙara ƙiba.

Ana cikin watan Disamba, an riga an fara koyon waƙoƙin Kirsimeti, na fito da safe na ga dusar jiya tana nan yadda na zuba ta. Bijimin ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun faɗi, majina mai kauri tana zuba daga hancinsa. Ba ya tuƙa. In ya ja numfashi sai ka ga haƙarƙarinsa na ɗagawa da ƙyar, can kuma ya yi wani tari mai nauyi. Na taɓa gindin kunnensa na ji zafi rau.

Yaya Ayuba, wan babanku, shi ya fara zuwa. Ya zagaya dabbar ya kalle ta, ya sa hannu a aljihu.

"Matarmu, kawo ruwa a kwalba," ya ce. "A buɗe kafso a zuba masa. Kafin gobe za ka ga ya miƙe."

Haka yake Hausarsa, mace ma "ka" yake ce mata. Na ce masa ba ni na mallaki dabbar ni kaɗai ba, gara a kira wanda ya sani. Ya ce tun ba a haife ni ba yake kiwo. Na ce na sani, Yaya, amma ka bar ni in kira. Na aika Kafanchan, da rana sai ga wata matashiya a bayan mashin da jaka a kafaɗa, ta ce sunanta Dokta Naomi. Yaya Ayuba ya dube ta sama da ƙasa ya koma kan kujera ya zauna.

Ta gwada zafin jikinsa, ta sa abin sauraro a ƙirjinsa hagu da dama, ta buɗe bakinsa, ta duba kofatansa. Sannan ta ce huhunsa ne ya kamu, kuma alamu sun nuna ƙwayoyin cuta ne irin waɗanda allura take iya kashewa. Ta fito da kwalba mai farin ruwa kamar madara tana girgizawa. Ni kuwa tunda na gaji da karɓar magani ba tare da na san aikinsa ba, sai na riƙe hannunta.

"'Yata, kafin ki soka, gaya mini. Me wannan ruwan yake yi in ya shiga?"

Ta yi murmushi, ta jawo turmi ta zauna. Ta ce ƙwayoyin nan halittu ne masu rai, ƙanana da ido ba ya gani, suna ci, suna haihuwa ta hanyar rabewa biyu, biyun su zama huɗu, haka har su cika huhu. Kowace ƙwaya tana da bango da ya zagaye ta, shi yake riƙe ruwan cikinta. Duk lokacin da za ta rabe, sai ta gina sabon bango. Ta ce magunguna biyu ne a haɗe a kwalbar. Na farko yana ɓata ginin bangon, ƙwayar ta yi ta jera tubali ba ya kamawa, sai ruwa ya kumbura ta ta fashe. Na biyun kuma ciki yake shiga, ya lalata wurin da take ƙera abin gina jikinta, ta kasa girma ta mutu. Na ce to shi bijimin fa, ba zai fashe masa nasa jikin ba? Ta ce naman dabba da na mutum ba su da irin wannan bangon, shi ya sa maganin yake wuce su ya nemi ƙwayar.

"Amma Mama, ba kowane ciwo yake ji ba," ta ce. "Ciwon baki da kofato da Fulani ke kira boru, abin da ke kawo shi daban ne, ba shi da bango. Ko kwalba nawa kika zuba, ba zai taɓa shi ba. Haka yawancin murar mutane."

Sai ta zo kan abin da ya tsaya mini a rai har yau. Ta ce ƙwayoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Allurar farko takan kwashe masu rauni, dabba ta ji sauƙi ta fara ci, mai ita ya ce ta warke ya daina. Masu taurin kuwa suna nan, su ne za su haihu su cika wurin, kuma 'ya'yansu taurinsu za su gado. Ranar da ciwon ya dawo, maganin da ya yi aiki jiya sai ya zama kamar ruwa. Don haka dole a yi allurar kullum har ƙarshen kwanakin da ta ɗiba, ko da bijimin ya tashi yana rawa. Bayan an gama kuma, ba a yanka shi sai maganin ya fita daga namansa da ƙodarsa, wanda zai kai kusan wata guda.

Yaya Ayuba ya miƙe tsaye.

"Wata guda? Kirsimeti fa?"

"Baba, sai dai bayan sabuwar shekara," ta ce. "In aka ci naman yanzu, an sha guntun magani ke nan ba a sani ba. Akwai wanda jikinsa ba ya son irin wannan allurar, zai iya kumbura ko numfashi ya sarƙe masa. Sauran kuma ana koya wa ƙwayoyin cikinsu yadda za su saba da maganin."

"Ai wuta zai ƙona shi."

"Ba ta ƙona shi duka, Baba."

Ta yi allurar farko a wuyansa, ta nuna mini yadda ake riƙe sirinji da inda ake sokawa, ta dawo washegari na yi a gabanta, sannan ta bar mini sauran. Ashe duk bayanin da ta yi a ranar farko, babanku yana ji ta tagar ɗakinsa. Da na kai masa abinci na same shi ya zuba wa ƙafarsa ido.

"Saratu," ya ce, "kin ji abin da yarinyar nan ta faɗa? Masu taurin ne suka rage a ƙafata. Ni na yi kiwonsu da hannuna."

Na ce ba mu da tabbas, likitansa ne zai faɗa. Ya ce ko ba tabbas, shi ya ji a jikinsa. Ya sa na ɗauko rigarsa, ya zazzage kafson da ke aljihu a tafin hannuna ya ce in kai su inda ba zai ƙara ganinsu ba. Daga wannan ranar ban ƙara kallon maganar bijimin a matsayin maganar nama ba. Ina wanke ciwon nan safe da yamma, na san warinsa, na san yadda mutum mai ƙarfi yake cije leɓe don kada matarsa ta ji kukansa. Na ce a raina ba za a dafa abin da zai kai wani gida ga irin wannan ba, in dai daga garkata zai fita.

Ba a jima ba bijimin ya fara cin harawa, tarin ya ragu, ya koma tuƙa. A nan rigimar ta tashi. Bayan sujada ranar Lahadi, mata suka tsaya a ƙarƙashin mangwaron coci, Rifkatu ta yi magana a madadinsu.

"Mama Ishaku, mun gode wa Ubangiji, dabba ya samu sauƙi. Shawarar da muka yanke shi ne a tsayar da allura yau. Kafin jajiberi maganin ya fita."

Na ce ba zai fita ba, kuma in aka tsayar, ciwon zai iya dawowa da ƙarfin da ya fi na farko. Na yi ƙoƙarin faɗa musu maganar bango da masu tauri, amma a bakina ba ta fito da kyau kamar a bakin likita ba. Wata ta ce shekara nawa muna cin naman kasuwa, wa ya san allurar da aka yi musu, ga mu da rai. Na ce wanda ban sani ba, ban sani ba, wannan kuwa da hannuna na soka. Wata ta ce yaranta tun watan jiya suke zancen naman nan. Wannan ta fi yi mini zafi, don gaskiya ta faɗa, na san gidanta, na san abin da suke ci.

"Bijimin na zumunta ne, ba naki ba," in ji Rifkatu.

"Na zumunta ne," na ce. "Shi ya sa ba zan ba zumunta abin da ni ba zan sa a bakin 'ya'yana ba."

Na dawo gida na ci gaba da allurata har na kai ƙarshen kwanakin. Ba wadda ta ƙara leƙowa.

Jajiberin Kirsimeti da hantsi, ina shanya citta a tsakar gida, sai na ji hayaniya a ƙofa. Yaya Ayuba ne a gaba, Rifkatu da mata da robobinsu a baya, tare da Malam Sani mahauci, wanda shi yake mana yanka kowace shekara tun zamanin mahaifinsa. Ban san lokacin da na bar cittar ba. Na je na tsaya a bakin garka, na kama itacen ƙofar da hannu biyu.

"Matarmu, matsa," in ji Yaya Ayuba.

"Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan matsa ba."

"A gidan ƙanena za ka hana ni wucewa?"

"Ban taɓa yi maka musu ba tunda aka kawo ni gidan nan. Yau ɗaya ka yafe mini."

Mata suka ɗauki magana gaba ɗaya, ba ka jin ta wani. Malam Sani ya tsaya gefe da wuƙaƙensa a naɗe cikin buhu. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya ce shi an kira shi aiki ne, ba ya sa wuƙa a gidan da masu dabba ba su daidaita ba, in sun shirya a aika masa. Yaya Ayuba ya ce ko babu mahauci, akwai maza a unguwa. Ya matso har ina jin numfashinsa. Ana haka sai muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Babanku ne, wanda ya yi makonni bai taka waje ba, ya fito yana dogarawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya zauna a kan turmi, ya sunkuya ya kwance bandejin da kansa a gaban kowa.

"Yaya, zo ka duba," ya ce. "Wannan ya daina jin magani. Ku ma ku duba."

Wasu suka kau da kai, wata ta toshe hanci da gyale. Yaya Ayuba ya daɗe yana kallon ƙafar ƙanensa, sannan ya juya ya fita. Bai ce na yi daidai ba, ranar ko bayanta, har ya koma ga Ubangiji yana cewa na ɓata wa mutane biki. Matan suka tsaya cirko-cirko da robobi a hannu.

Na san ba zan sallame su haka ba. Na roƙi Malam Sani ya dakata, na shiga na kwanto awakina duka, har da uwar da take haifa mini tagwaye. Rahila, awakin nan su ne na ce miki na ajiye saboda karatunki, kin dawo kin tarar da turke wayam, kin yi kuka, ni kuma na ce miki kawai an yanka. Ga inda suka tafi. Aka yanka aka kasa, amma naman akuya ina zai kai na bijimi? Kowane kashi bai fi a rufe shi da tafin hannu biyu ba. Wasu suka ɗauka suka yi godiya a ciki-ciki. Rifkatu ta kalli nata ta bar shi a kan ganyen ayaba ta tafi.

Ranar Kirsimeti na sa ankon zumunta na je coci. Da na zauna, bencin ya yi mini faɗi, ta dama ta matsa, ta hagu ta tashi ta koma baya. Da aka tashi rawar baiko, wato rawar kai sadaka gaban coci, ni da nake ɗaga waƙa shekara da shekaru, wata ce aka ba ta ɗaga. Na bi layi na yi rawata na ajiye baikona na dawo. A gida muka ci shinkafa da miyar da ƙashi ya fi nama yawa a cikinta. Babanku ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba, na ce ya daina ƙarya ranar haihuwar Mai Ceto, muka yi dariya, daga nan na shiga kicin na yi kukana.

Wajen ƙarshen Janairu Dokta Naomi ta dawo ta duba bijimin ta ce yanzu babu laifi. Na aika wa kowa. Malam Sani ya yanka, da ya fito da huhun ya kira ni ya nuna mini wani gefe da ya yi tauri ya canza launi, inda ciwon ya ci ya warke, ya yanke wurin ya jefar. Naman ya yi kyau, kitse fari tas. Kowa ta zo ta ɗauki kashinta, amma babu kiɗa, babu dangin da suka zo daga Kaduna da Abuja, duk sun koma. Nama ne kawai a ranar Talata. Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba, don bai dawo ba. A zaɓen zumunta na gaba ba a kira sunana a komai ba, bijimin shekara mai zuwa kuma a wani gida aka ɗaure shi.

Ƙafar babanku, kun san yadda ta ƙare. An ɗebi ruwan ciwon aka gwada, aka samo maganin da ya rage yana ji, ya sha shi har ƙarshe ba tsallake, amma sai da aka cire rabin tafin. Ya yi sauran shekarunsa yana tafiya da sanda.

Dokta Naomi ce ta zo daga baya ta ce ana koyar da mutanen ƙauye taimakon farko na dabbobi a Kafanchan, ko zan je. Na ce da tsufana? Babanku ya ce in ban je ba shi zai je da sandarsa. Na je na zauna cikin samari sa'o'in Ishaku, na koyi gwada zafi, da kimanta nauyin dabba kafin a auna magani, da gane ciwon da ya fi ƙarfina don in kira likita. Na dawo da jaka. Watanni suka wuce ba wanda ya kira ni a unguwarmu, sai Fulanin da ke bayan dutse ne suka fara zuwa.

Ni da Rifkatu kuwa mun kai shekara biyu gaisuwarmu ba ta wuce "sannu" a ƙofar coci. Wata safiya da damina ina tankaɗe, na ɗaga kai na gan ta tsaye a tsakar gidana, zaninta ya jiƙe har gwiwa. 'Yar saniyar da ɗanta ya saya mata ce ta haihu, hantsar ta kumbura ta yi zafi, nonon yana fita da gudaji. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kawo zancen baya ba.

"Saratu, ɗauko jakarki," ta ce.

Na ɗauko. Muna tafiya a kan kunyar gona, ita a gaba ni a baya, na ce mata tun kafin mu isa gara ta sani, in har abin ya kai ga allura, sai an yi ta har ƙarshe, kuma nonon nan zubar da shi za a riƙa yi, ba mai sha sai likita ta ce.

Ba ta ko waiwayo ba.

"Na sani," ta ce. "Duk Kagoro wa kika bari bai sani ba? Ɗaga ƙafa, dabba yana wahala."